Yadda Ake Wanke Maiƙo daga Tayar Mota da Buroshi ba tare da Fetur ba

Gabatarwa

Birnin Ƙonni gari ne na mahaɗar hanyoyi. Babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram, ta ratsa ta cikinsa. Daga kudu, hanyar Sakkwato ta shigo ta kan iyakar Illela ta Najeriya. A Tsarnawa kuma hanyar Tawa ta rabu, ta bi ta Badagishiri a gundumar Illela ta Nijar. Dare da rana manyan motoci suna wucewa, waɗansu da simintin Malbaza, waɗansu da albasar Galmi. Saboda haka mutane da yawa a wannan yanki suna cin abinci da mota: makanikai, masu faci, masu wankin mota, ƴan kabu-kabu da yaran gareji.

Dukansu suna fama da abu guda, wato maiƙon da ke manne wa taya, da buroshi, da hannu. Da yawa sun saba wanke shi da fetur, domin shekaru masu yawa fetur ɗin Najeriya yana shigowa da araha, ana sayar da shi a kwalabe a bakin hanya da sunan ruwa-ruwa. Tun da gwamnatin Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 arahar ta ragu, amma sabo turken wawa ne. An shirya wannan bayani domin a nuna cewa garin katako, sabulu da ruwan ɗumi sun isa su fitar da maiƙo. Fetur kuwa yana lalata taya, yana cutar da jiki, yana kuma jawo gobara.

Daga ina maiƙon yake zuwa?

Ruwa ba ya tsami banza. Kafin ku wanke taya, ku duba ku gane irin maiƙon da ke kanta da inda ya fito. Waɗannan su ne aka fi samu:

Baƙin mai. Shi ne man inji. Taya tana taka shi a ƙasan gareji da tashar mota, inda aka yi juye aka bar shi ya malale.

Giris. Mai ne mai kauri da ake sa wa boris da gaɓoɓin ƙafar mota. Idan robar da ke tare shi ta yage, sai ya riƙa fantsama a cikin taya.

Man birki. Idan kuka ga danshi yana gangarowa ta bayan ƙarfen taya, mai yiwuwa man birki ne yake yoyo. Wannan babban haɗari ne. Kada motar ta hau hanya sai makanike ya duba ta.

Man sarƙa. A babur, man da aka cika wa sarƙa yakan fantsama a tayar baya. Idan kuma shokozobar gaba tana yoyo, man yakan sauko kan taya da birki.

Kwalta. Tana manne wa taya a inda ake gyaran hanya, musamman lokacin bazara da zafi ke narka ta.

Man ƙyalli. Shi ne wanda masu wankin mota ke shafa wa taya don ta yi baƙi. Akwai na kanti, waɗansu kuma sukan shafa baƙin mai ko man birki. Ƙyallin na kwana ɗaya ne, daga nan sai ƙura ta manne, wankin gobe ya fi na yau wuya.

Idan maiƙon daga jikin motar yake fitowa, wanki kaɗai ba zai raba ku da shi ba. Ku fara gyara inda ke yoyo.

Don me ruwa kaɗai ba ya fitar da maiƙo?

Duk matar da ta wanke tukunyar miya ta san ruwa da mai ba sa haɗuwa. Mai ya fi ruwa rashin nauyi, don haka yake tasowa sama. Idan aka watsa wa taya ruwa, sai ya zame ta kan maiƙon ya wuce.

Sabulu shi ne mai shiga tsakani. Kowace ƙwayar sabulu, wadda ido ba ya iya gani, tana da baki biyu. Baki ɗaya yana kama mai, ɗayan yana kama ruwa. Idan aka cuɗa, ƙwayoyin sukan kewaye maiƙon su farfasa shi ƙanana-ƙanana, ruwa kuma ya tafi da shi. Abubuwa uku suna taimaka wa sabulu: ɗumi, lokaci da cuɗa. Ɗumi yana sassauta maiƙo. Lokaci yana ba sabulu damar shiga. Cuɗa tana ɓamɓare abin da ya manne.

Ruwan waɗansu rijiyoyi yana da gartsi, sabulun sanda ba ya kumfa sosai a cikinsa. A irin wannan ruwa, garin sabulu, wanda aka fi sani da omo, ko sabulun ruwa na wanke kwanuka, sun fi aiki.

Illar fetur ga taya

Ana yin taya da roba iri biyu: ta ƙaron itace da wadda ake sarrafawa daga ɗanyen mai. Dukansu suna shan fetur, kananzir, man gas da baƙin mai. Idan suka sha, sai robar ta kumbura ta yi laushi. Bayan haka, masu ƙera taya suna zuba wani kaki da wani magani a cikin robar domin su kare ta daga rana da iska. Fetur yana narkar da su ya fitar. Tayar da aka saba wanke wa da fetur takan bushe da wuri, gefenta ya tsattsage.

Wannan maganin da ke cikin roba yakan fito a hankali ya zauna a gefen taya, ya ba ta launin ƙasa-ƙasa. Wannan launi ba lalacewa ba ne, kuma sabulu da buroshi suna rage shi. Babu bukatar a rufe shi da baƙin mai.

Maiƙo a fuskar taya, wato ɓangaren da ke taka ƙasa, yana hana ta kama hanya. Ga ɗan kabu-kabu wannan yana iya zama sanadin faɗuwa a kwana, shi da fasinjansa. Idan kuma maiƙon ya kai ga birki, sai a taka ya ƙi ci.

Illar fetur ga mutum

Na farko, gobara. Fetur yana fitar da tururi mai kama wuta ko da a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, balle a Ƙonni inda zafin watan Afrilu da Mayu yake wuce digiri 40. Tururin ya fi iska nauyi. Yakan bi ƙasa ya yi rarrafe har ya iske murhun mai shayi, ko tartsatsin mai walda, ko guntun taba. Wutar sai ta biyo shi ta dawo kan kwanon fetur da wanda ke riƙe da shi. A watan Mayu na 2019 wata tankar mai ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, mutane suka taru suna ɗiba, wuta ta tashi, fiye da mutum 50 suka rasu. A watan Oktoba na 2024 irin haka ta faru a garin Majiya na jihar Jigawa a Najeriya, inda aka rasa fiye da mutum 150. Tururin da ya kama a waɗannan wurare, irinsa ne ke tashi daga ƙaramin kwanon da ake wanke buroshi a ciki.

Na biyu, ciwo. Fetur yana kwashe maiƙon da ke kare fata, sai hannu ya bushe, ya yi kaushi, ya tsage. Shaƙar tururinsa tana kawo ciwon kai, jiri da tashin zuciya. A cikinsa akwai wani sinadari mai suna benzin, wanda aka daɗe da sanin yana jawo sankarar jini. A shekarar 2025 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon a Faransa, ta sanya fetur ɗin mota cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji ga ɗan Adam. Tsohon baƙin mai ma yana ɗauke da datti mai guba daga inji, bai kamata ya daɗe a kan fata ba.

Kayan da ake bukata

Ku tanadi garin katako, ko busasshen yashi, ko ƙaiƙayi. Ku sami tsumma, ɗan guntun katako mai faɗi, omo ko sabulun ruwa, bokiti biyu, da buroshi mai gashin roba. Ku ajiye ruwa a rana tun da safe, zai yi ɗumi ba tare da an hura wuta ba. Idan da hali ku sa safar hannu ta roba.

Yadda ake wanke taya

1. Ku ajiye motar a inuwa, ku kashe inji, ku sa wa taya dutse. Ku bari taya da birki su huce.

2. Ku kakkaɓe ƙura tun tana busasshiya. Wannan ya fi muhimmanci ga motocin da ke ɗaukar siminti, domin ƙurar siminti takan daskare idan ta sha ruwa.

3. Ku kankare maiƙo mai kauri da guntun katako. Kada ku sa wuƙa ko ƙarfe.

4. Ku barbaɗa garin katako ko yashi, ku murza da tsumma, ku tattara shi a cikin gwangwani. Duk maiƙon da aka cire a bushe, ba zai shiga ruwa ba.

5. Ku dama omo cikin babban cokali 5 a ruwan ɗumi lita 5. Inda maiƙon ya yi kauri, ku kwaɓa omo da ruwa kaɗan ya yi kamar kunu, ku shafa a wurin.

6. Ku jira kamar minti 5, amma kada ku bari sabulun ya bushe.

7. Ku cuɗa da buroshi, gefen taya da cikin zanenta. Kada ku sa buroshin ƙarfe, yana yankar roba.

8. Ku ɗauraye daga sama zuwa ƙasa. Idan kumfar ta fito baƙa ko ƙasa-ƙasa, ku sake. Idan ta fito fara, taya ta wanku. Mai amfani da injin feshin ruwa ya nisanta bakinsa daga gefen taya kamar kamu ɗaya.

9. Bayan wanki, ku tuƙa a hankali ku taka birki sau biyu ko uku, ku tabbata yana ci, kafin ku hau babbar hanya.

Idan kwalta ce ta manne a gefen taya, ku ɗiga mata man gyaɗa kaɗan, ko man da aka gama suya da shi. Bayan minti 10 za ta yi laushi. Ku goge da tsumma, sa'an nan ku wanke man sarai da sabulu. Ƙananan ɗigon kwalta da ke fuskar taya sukan goge da kansu a tafiya.

Abin lura: kada ku zuba wa taya ruwan batir ko soda mai ƙuna. Suna cin ƙarfe, suna ƙona fata, suna iya makantar da ido.

Ku karanta tayarku

Taya mai tsabta tana nuna lafiyarta. Ku duba ko akwai tsaga, ko kumburi, ko ƙusa. Tayar da gefenta ya kumbura ba ta gyaruwa, sai canji.

A gefen taya akwai rubutu mai farawa da haruffan DOT. Lambobi huɗu na ƙarshe suna faɗin lokacin da aka ƙera ta. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali, 2319 yana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Manyan kamfanonin taya suna ba da shawarar a daina aiki da tayar da ta kai shekara 10, ko da zanenta bai cinye ba. Mai sayen tayar gwanjo ya goge wannan wuri ya karanta kafin ya biya kuɗi.

Yadda ake wanke buroshi

Buroshi mai maiƙo ba ya wanki, shafa datti kawai yake yi. Ku wanke shi a ranar da kuka yi aiki da shi, kafin maiƙon ya haɗu da ƙura ya daskare.

1. Ku goga shi a kan tsohon kwali ko tsumma har ya daina barin baƙi mai yawa.

2. Ku tura shi cikin garin katako, ku murza, ku kakkaɓe.

3. Tun bai taɓa ruwa ba, ku zuba masa sabulun ruwa ko kwaɓaɓɓen omo, ku cuɗa har gindin gashin. Idan aka fara jiƙa shi, ruwan yakan tsinka sabulu ya rage masa ƙarfi.

4. Ku jiƙa gashin a ruwan ɗumi mai sabulu kamar rabin awa. Kada ku sa tafasasshen ruwa, yana lanƙwasa gashin roba. Idan mariƙin na katako ne, kada ya nutse a ruwa.

5. Ku taje gashin da tsohon mataji, ku ɗauraye. Ku maimaita har ruwan ya fito garau.

6. Ku yarfe ruwan, ku rataye shi a inuwa, gashin yana kallon ƙasa.

Idan buroshin ya riga ya daskare, ku tsoma gashinsa a tsohon man suya ya kwana. Da safe ku bi matakan nan daga na farko.

Ya fi kyau a sami buroshi uku, kowane da aikinsa. Ku rubuta harafi a mariƙin kowanne: T na taya, J na jikin mota, I na inji. Ta haka maiƙon inji ba zai koma kan taya ba, yashin taya kuma ba zai karce fenti ba.

Akwai kayan ƙarfe, kamar boris da sarƙa, waɗanda sabulu ba ya isar musu. Ga waɗannan kaɗai za a iya amfani da kananzir ko man gas kaɗan, a cikin gwangwani mai murfi, a fili, nesa da wuta. Ba su kai fetur saurin kamawa ba, amma su ma suna ci da wuta. Idan aka rufe gwangwanin ya kwana, dattin zai kwanta a ƙasa, a tsiyaye na sama a sake aiki da shi.

Wanke hannu da tufafi

Ku shafa man gyaɗa kaɗan a busasshen hannu, ku murza har maiƙon ya narke, ku goge da tsumma. Sa'an nan ku wanke da sabulu haɗe da ɗan garin katako ko dusa. Bayan hannu ya bushe ku shafa man kaɗanya. Kada ku ci abinci ko goro sai kun wanke hannu.

A gida, a wanke kayan aiki dabam da na yara. A jiƙa su a ruwan omo su kwana. Kada a jiƙa su da fetur, domin sau da yawa wurin wanki yana kusa da murhu.

Masu gareji, yaran da ke hannunku amana ce. Sau da yawa ƙaramin yaro ake ba wankin kayan aiki. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: abin da kuka koya masa yau, da shi zai yi aiki har tsufa.

Ina ruwan wankin yake tafiya?

Ruwan da ya bar gareji yana da inda yake zuwa. Ko ya nutse ƙasa ya nufi rijiya, ko ruwan damina ya kwashe shi zuwa fadama. Kwarin Magiya ya ratsa wannan yanki, ya tsallaka iyaka zuwa tafkin Kalmalo a Najeriya. A kansa aka gina madatsun ruwa na Mozage da Zango, waɗanda ke shayar da gandun noman rani na Ƙonni mai faɗin fiye da hekta 2,400. Lambunan albasa, dabbobi da gidaje duk sun dogara da ruwan wannan ƙasa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi ƙiyasin cewa baƙin man juyen mota ɗaya yana iya ɓata ruwan sha galan miliyan ɗaya, wato fiye da lita miliyan 3 da rabi. A Nijar, doka mai lamba 98-56 ta ranar 29 ga Disamba 1998 ta ɗora wa kowa nauyin kare muhalli.

Ga abin da kowa zai iya yi:

Ku nisanta wurin wanki daga rijiya da aƙalla mita 30, kamar yadda ake nisanta salga. Kada ku wanke mota a bakin tafki ko a magudanar lambu.

Ku yi tarkon mai da tsohon duro. Ku binne shi inda ruwan wanki ke taruwa, ya riƙa shiga ta sama. A ɗaya gefen ku sa bututu mai lanƙwasa, bakinsa na ciki ya nutse zuwa tsakiyar duron. Yashi zai kwanta a ƙasa, mai zai taso sama, ruwan tsakiya ne kaɗai zai fita. Tarkon ba ya kama man da ya riga ya gauraya da sabulu sosai, shi ya sa ake fara cire maiƙo a bushe. Ku yaɗe man sama kowane mako. Ku rufe duron da murfi mai nauyi saboda yara da dabbobi.

Ku tara tsohon baƙin mai a jarka mai murfi, ku rubuta BAƘIN MAI a jikinta. Kada a sake zuba ruwan sha ko man girki a wannan jarka. Kada a zuba shi a ƙasa don kwantar da ƙura. Kada a shafa shi a gyambo ko a jikin dabba mai ƙazuwa. Kada a hura wutar girki ko ta gashi da shi. Ku tuntuɓi ma'aikatan tsabta na ofishin magajin gari game da inda ya dace a kai shi.

Idan haɗari ya faru

Idan fetur ko mai ya kama wuta, kada ku watsa ruwa, domin ruwa yana ɗaukar man ya baza wutar. Ku rufe ta da yashi, ko ku yi amfani da tukunyar kashe gobara. Kowane gareji ya ajiye bokitin yashi a kusa. Lambar ƴan kwana-kwana a Nijar ita ce 18.

Idan tufafin mutum sun kama, kada ya ruga da gudu. Ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo. A zuba ruwa mai tsabta mai sanyi a kan ƙunar har minti 20. Kada a shafa mai, ƙwai ko man goge baki. A rufe da ƙyalle mai tsabta, a kai shi asibiti.

Idan yaro ya sha fetur ko kananzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa madara ko manja. Amai yana iya tura man cikin huhu. A gaggauta kai shi asibiti. Idan ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa har minti 15.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Waɗanne irin maiƙo ne ake samu a taya? Wanne ne yake nuna birki yana da matsala?

2. Don me ake fara murza garin katako kafin a sa ruwa?

3. An rubuta 0821 a gefen wata taya. A wane mako da wace shekara aka ƙera ta?

4. Idan cokali 5 na omo ya isa ruwa lita 5, cokali nawa za a sa a jarka mai lita 20?

5. A unguwarku ko ƙauyenku, ina ruwan wankin mota da babur yake gangarawa? Akwai rijiya ko lambu a hanyarsa? Wa ya kamata ku yi wa magana?